Ɗankwalayen Inna a Cikin Rumbu

Ranar wata Laraba ta kaka, shekarar da nake aji biyar a Kwandere, Malam Anzaku mai koya mana Turanci ya rubuta thwart a allo. Muka yi ta ciza harshe muna fesa yawu, yana dariya. Ya ce ma'anarta ka sha gaban mutum ka ɓata masa abin da ya shirya, kowa ya kawo jimla gobe. Ni kuwa hankalina yana gida, don da safe na ga Inna ta ɗaure kwanukanta a tsohon zane. Baba ya ba ta takardar saki, kuma motar doya mai zuwa Agyaragu, garinsu, da la'asar take tashi.

Ban tsaya wasan 'yar gala-gala ba, na ruga gida. Inna tana rafi. Na san abu ɗaya: tun da na yi wayo ban taɓa ganin ta taka ƙofar gida kai a buɗe ba, ko akuya ce ta tsinke sai ta ɗaura ɗankwali kafin ta bi ta. Na kwashe ɗankwalayenta da gyalenta kaf, har wanda ta dawo da shi daga rafin ta rataya a katangar banɗaki da ta shiga wanka, na hau tsani na cusa su ƙarƙashin damman dawa a rumbu. Na zauna ina ɓarar gyaɗa, ina roƙon Allah motar ta tafi ta bar ta.

Da ta fito, ta duba ɗaki, ta duba igiyar shanya, sannan ta tsaya a kaina. "Talatu, mota zai tafi fa." Ban ɗago ba. Ba ta dake ni ba. Ta zare ɗankwalin makaranta da ke kaina, wanda ko rabin kitsonta bai rufe ba, ta ɗaura, ta ɗauki kayanta. Na bi motar da gudu har na faɗi.

Washegari na rubuta cewa na yi wa tafiyar Inna abin da kalmar ke nufi. Malam ya tambaya, "Ta fasa ne?" Na girgiza kai. Ya ce a hankali, "To, wanda ya ci nasara kawai ke faɗinta."

Yanzu a Lafia nake koyarwa, yara suna duba kalmar a waya su wuce. Rumbun ya rushe, Inna ta rasu. Da aka buɗe akwatinta, ɗankwalina yana ƙasa a ninke.