Uban da Bai Iya Faɗar Sunan 'Yarsa Ba

Ban taɓa mantawa da ranar ziyarar da Malam Sabo ya tsaya a bakin getin makarantarmu ya kasa faɗar wajen wa ya zo ba. Ku da kuka kama aikin metiron a bayanmu nake son ba wa labarin, domin har gobe irinsu suna zuwa.

A lokacin ina aiki a wata sakandaren 'yan mata ta kwana da ke tsakanin gonaki, can arewacin Kano. Maigidana malamin lissafi ne a makarantar. Ni kuwa zaman gida nake da 'ya'yana, sai da shekarun nan masu wuya suka zo, damina ta yi gardama, hatsi ya yi tsada, albashi ya koma sai an ga dama, sannan na karɓi aikin. Metiron ita ce uwar ɗalibai a ɗakunan kwana. Ita ke tashinsu sallar asuba, ita ke duba wankinsu, ita ke gane wadda zazzaɓi ya kama tun kafin ta faɗa. Yaran suna ce mini Inna.

Ranar ziyara Lahadi ce, sau ɗaya a wata. A waɗancan shekarun ba ƙaramar rana ba ce, don tuwon makaranta, wanda yaran ke kira gabza, ya ƙanƙance, miyar kuma kana hango ƙasan kwano ta cikinta. Ƙa'idar ita ce a ajiye tebur a bakin geti, hedigel, wato shugabar ɗalibai, ta zauna. Duk wanda ya zo sai ya faɗi sunan yarinyarsa da ajinta, a aika a kira ta. Ni ina gefe a kan benci ina duba kayan da aka kawo.

Hedigel ɗin shekarar Binta ce, 'yar unguwar Rijiyar Zaki ta cikin Kano, yarinya mai ƙoƙari amma bakinta ba ya shiru. Bayan azahar sai ga wani dattijo ya iso a ƙafa, rigarsa wankakkiya amma ta sha ɗinki, ƙafafunsa duk taɓo. Yana rungume da ƙullin tsumma.

Bayan sun gaisa Binta ta ce, "Baba, wajen wa?"

Ya ce, "Wajen yarinyar nan ta gidana."

"Sunanta fa?"

Sai ya sunkuyar da kai. "Tana aji biyu. Daga can gaban Kunci muke."

Binta ta ce, "Baba, makarantar nan duk 'yan mata ne. Wacce za mu ba ka? Ko ka zaɓa da kanka?"

Yaran da ke kewaye da teburin suka tuntsire da dariya. Ni nan take na gane, don mahaifina ma haka yake. 'Yar fari ce, kuma daga baya na ji sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Mutum irin Malam Sabo sai ya shekara arba'in sunan bai fito daga bakinsa ba. Kafin in miƙe in raba, ya ce a hankali, "Wata doguwa ce, mai wushirya."

Yaran suka haɗa baki, "Rabi Sabo!" Wata ta ruga kiranta, tana tafe tana ba kowa labari.

Rabi ta taho har wajen bishiyar darbejiyar da ke kusa da geti. Ta hangi mahaifinta, ta ji dariyar, ta tsaya. Sai na ji ta ce wa 'yar aiken, "Ba wajena ba ne." Ta juya.

Ya gan ta. Na san ya gan ta, don idonsa ya bi bayanta har ta shige. Ya matso wajena ya miƙo mini ƙullin da hannu biyu.

"Malama, a ba ta. Don Allah kada a yi mata faɗa, ƙuruciya ce." Ya ƙara da cewa, "Ni ne na ja mata dariya. Ba zan sake zuwa ba, in na samu wani abu zan riƙa aikowa."

Na roƙe shi ya zauna ya sha ruwa, ya ce hanya da nisa. A cikin ƙullin akwai busasshen zogale, da ɗan ƙuli-ƙuli, da dafaffen ƙwan zabi.

Washegari na kai maganar ofis. Mataimakiyar firinsifal ta ce a fito da Rabi a asambuli a yi mata bulala, kowa ya ga sakamakon mai gudun ubansa. Firinsifal ɗinmu, wata Hajiya mai sanyin murya, ta girgiza kai.

Ta ce, "Kunyar idon mutane ce ta sa ta aikata. In muka tsayar da ita a gaban makaranta, ita ɗin dai za mu ƙara koya mata. Ni so nake mutumin nan ya dawo. Metiron, ki fara jin ta bakinta. Ita kuma Binta a turo mini ita."

Na sami Rabi da la'asar ita kaɗai a ɗaki, sauran suna filin wasa. Ƙullin yana cikin akwatinta ba ta ko kwance ba, ƙwan har ya fara wari. Na zauna a bakin gadon. Can sai ta fashe da kuka.

"Inna, na san al'ada ce. Amma ƙannena duk yana kiran sunansu, har goya su yake. Ni sai dai waccan, sai yarinyar nan. Yanzu kowa a aji waccan yake ce mini."

Na ce, "Rabi, cikin ƙannen naki wa aka kai makarantar kwana a wannan shekarar da gero ya gagari mutane?"

Ta kalli ƙullin, ni kuwa na ci gaba.

"Kin san daga ƙauyenku zuwa nan a ƙafa ya zo? Kin san ya ce ba zai sake zuwa ba, don kada ya kunyata ki?"

Wannan ne ba ta sani ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, ya zan yi?"

Ranar Asabar motar makaranta za ta ɗauko itacen girki ta wajen Kunci. Firinsifal ta ba mu izinin fita, ni da Rabi da Binta. Ban san abin da ta gaya wa Binta a ofis ba, amma tun da muka shiga mota yarinyar nan ba ta ce uffan ba, har direba ya tambaya ko haƙori ke damunta.

Mun same shi a gona yana maimai, wato noma na biyu. Gonakin wajen manne suke da juna, kowa yana ganin na kusa da shi, don haka maƙwabta suka dakata suna kallonmu. Rabi ba ta damu da su ba. Ta shiga cikin kunyoyin geron da kayan makarantarta, ta durƙusa a gabansa, ta ce, "Baba, ka yafe mini."

Bai dube ta ba. Ni ya kalla, ya ce, "Malama, ki ce ta tashi, za ta ɓata fararen kayanta. Ba ta yi mini komai ba."

Binta ma ta durƙusa. "Baba, ni ce na fara. Bakina ne ba shi da linzami."

Sai ya dogara da fartanyarsa ya dube ta da kyau. "Af, ke ce mai rabon 'yan mata? To yau wacce kika kawo mini?"

Binta ta ce, "Taka ce, Baba. Mai wushirya."

Ya yi dariya har ya goge ido da gefen rigarsa. Amma da na ce muna sa ran ganinsa ranar ziyara, sai ya ce, "To, in Allah ya yarda," irin faɗar da ba ka san inda ta dosa ba. Watan nan kullum sai na sa shi a addu'a.

Ranar ziyara ta zagayo. Rabi ta zo bakin geti tun da hantsi ta tsaya kusa da tebur, ta ƙi zuwa cin abinci. Azahar ta wuce, iyaye suka fara komawa. Sai wajen la'asar muka hango shi a kan hanya da ƙullinsa.

Binta ta gyara zama, ta gaishe shi, ta bi ƙa'ida kamar yadda ake yi wa kowa. "Baba, wajen wa?"

Kafin ya sunkuyar da kai, Rabi ta ɗaga murya yadda duk wanda ke wurin zai ji. "Wajena ya zo. Rabi'atu Sabo, aji biyu. Babana ne."

Ya kalli ƙasa ya ce, "To, ga shi ta faɗa."

Ta karɓi ƙullin, ta shimfiɗa masa ɗankwalinta na sallah a inuwar darbejiyar nan. Ni dai na juya ina gyara mayafina, don metiron ba ta kuka a gaban yara.

Daga ranar na koyi cewa in yarinya ta yi laifi, kafin in ɗauko bulala sai in tambayi kaina me nake son ya gyaru. Kuma in kuka ga dattijo ya tsaya a geti ya kasa faɗar suna, kada ku bari a kai ga dariya. Ku tashi ku tarye shi, ku ce, "Baba, 'yar fari ce ko?" Zai ɗaga muku kai.