Wanzami a Layin Cire Haƙori

A bencin gidan likitan haƙori na unguwar Zariya, Zalihatu ta ƙura wa wani tsoho ido. Kuncinsa ya kumbura kamar ya ɓoye goro, yana rungume da zabirar wanzanci, ta kuma ji ya ce daga garin Tsibiri yake. Tana kallon kaurin yatsunsa, tana ƙiyasta bakin yara nawa suka wage ana danne da su a tabarma. Harshenta ya kai kan giɓin da wani irinsa ya bar mata tun tana 'yar shekara tara.

Lokotoro, wato likitan, ya leƙo yana yi masa bayani: akwai allurar da ke kashe dasashi kawai, mutum ido biyu, akwai kuma mai sa barci, amma sai wanda bai karya ba.

Tsohon ya amsa cewa ya sha fura a tasha.

"Don Allah, ɗana, ka sa ni barcin hakanan," in ji shi.

Zalihatu ta matso, ta tausasa murya.

"Haba Baba, daure mana. Kamar cizon tururuwa ne. Ba haka kuke ce muna ba?"