Gwiwar Inna da hannun Yaya Isuhu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Isuhu, amma har yau idan na ga mutum yana ɗingishi a kasuwa sai in bi ƙafarsa da kallo, kamar yadda shi yake yi. Shi ne ɗan farin mahaifiyarmu, ni Hadiza ni ce autarta. Aikinsa kine, wato mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, a wani asibiti a nan Damagaram. Ƴan kokawa da ƴan ƙwallo da ƴan kabu-kabu su ne mutanensa, kuma a kan gwiwa ya fi yin suna.

Mutum ne mai faɗa, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Abu biyu ke tayar masa da hankali. Na farko, a kai gwiwar da jijiyarta ta yage wajen mai ɗori, a ɗaure ta da karare sai ta sandare. Ba ya raina masu ɗori, cewa yake ƙashi nasu ne, amma jijiya ba ta son dogon ɗauri. Na biyu, majinyacin da zai ɓace da zarar ciwo ya lafa, ya koma fili tun cinyarsa ba ta yi ƙarfin riƙe gwiwar ba. Irin waɗannan har gida yake bin su da masifa.

Sai ga ciwon ya shigo gidanmu. Da damina ne, Inna ta zame a bakin famfo da bokiti a hannu, ƙafa ta tsaya wuri ɗaya, jiki ya juya. Kafin la'asar gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. Aka ɗauki hoto, aka ce ƙashi lafiya lau. Saura jijiya, ita kuwa wannan hoton ba ya nuna ta. Da hannu ake gane ta.

A nan aka sami matsala. Inna mutuniyar dā ce, ƴar cikin Birni, mai tsananin kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunan Isuhu a bakinta ba, "wancan" take ce masa. Tun ranar yaye kakarmu ta tafi da shi ƙauyen Zarmu, bai dawo ba sai da ya isa shiga lakwal, wato makarantar boko. In ya shigo ɗaki sai ta nemi wani aiki ta kama. Mu dariya abin yake ba mu, har alfahari muke yi da shi, muna cewa uwarmu ta san ya kamata.

Ranar ya wanke hannu, ya durƙusa gabanta, ya ce, "Inna, bari in duba." Ta ja zane ta rufe ƙafar, ta dubi bango, ta ce da ni, "Hadiza, ce wa wancan ya tashi." Ya yi ƴar dariya ya fita. Na bi shi zaure na tarar idonsa ya yi ja.

Ya kawo abokin aikinsa, ta ce baƙon namiji ba zai ga ƙafarta ba. Mace mai wannan aiki kuwa a lokacin bai sami wadda za ta zo ba. Dole aka koma kaina. Ya zauna a kan turmi a tsakar gida, ya naɗe wandonsa, ya ɗora hannuwana a gwiwarsa: ɗaya ya riƙe cinya, ɗaya ya jawo ƙwauri a hankali, in ji ko ya tsaya cak ko yana zamewa. Na shiga na gwada a ƙafar Inna, na fito na ce, "Yaya, ni dai gwiwa na ji." Haka mutumin da ke gane ciwon baƙo da taɓawa ɗaya ya yi jinyar uwarsa da kintace, shi da ya tsani kintace.

Watanni muka yi a haka. Yana tsaye bayan labule yana yi mini magana da ƙarfi don ta ji, ita tana ba ni amsa don ya ji, ni ina tsakiya kamar tafinta. Ƙanƙara cikin tsumma har kumburi ya saɓe. A naɗe tawul ƙarƙashin gwiwa ta danna. Ta jawo diddige a kan tabarma ta mayar. Daga baya ya ɗinka ƴar jakar yashi ana ɗaura mata a idon sawu. Ya sha faɗa da ƴan dubiya, masu cewa wane irin ɗa ne zai hana tsohuwa kwanciya.

Abu ɗaya Inna take so: ta naɗe ƙafa ta yi zaman tahiya a kan dardumarta. Ta tsani sallah a kujera, ta ce kujera ta ma'aikatan biro ce, masu zaman ofis. Ta fara tafiya ba sanda, har ta kai ga sujada. Naɗewar ce ta rage, kuma Yaya ya ce wannan sai da hannu, sai wanda ya san inda zai tura da inda zai tsaya. Yana shirin tura yayar Inna ta roƙar masa ita ne ya tafi garin Dogo duba wani ɗan kokawa. A hanyar dawowa babbar mota ta yi karo da babur ɗinsa.

Inna ba ta yi kuka gaban mutane ba, domin ba a yi wa ɗan fari kuka a fili. Ta zauna da ƙafa a miƙe tana karɓar gaisuwa, tana cewa "sai haƙuri" kamar ɗan maƙwabta ne ya mutu. Bayan an watse na kawo tawul da jakar yashi, ta ce, "Ajiye." Na lallasa, na yi fushi, na yi kuka. Ba ta ƙara motsa gwiwar ba, har ta ƙage. Shekara bakwai ke nan tana sallah a kujera.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Samari suna koyon motsa gwiwa a wayar hannu, na san sai ya ƙwace wayar ya ce ba ta da yatsu. Zai ji daɗin ganin ƴan mata da farar riga suna aikinsa. Kuma zai yi mamakin ƴata, wadda ke ƙwala wa ɗanta na fari kira da sunansa har maƙwabta su ji, ta rungume shi gaban kowa. Dā nakan yi mata faɗa a kan rashin kunya. Yanzu shiru nake yi. Ba zan zagi al'adar iyayena ba, amma ina jin haushinta, kuma na gaji da ɓoyewa.

Me ya rage na Yaya Isuhu? Bai bar gini ba. Ya bar mutane masu tafiya da ƙafafunsu a garin nan, wasunsu har yau in sun gan ni sai su buga cinya su yi masa addu'a. Ya kuma bar waɗanda ya koya wa aiki.

Ɗaya daga cikinsu, Mariyama, wadda a wancan lokacin ƴar koyo ce, ta zo gidanmu watan jiya. Inna ta buɗe mata ƙafa ba musu. Mariyama ta riƙe cinya, ta jawo ƙwauri, nan take ta faɗi jijiyar da ta yage. Ta gaya mana gaskiya: tafiya za ta gyaru, amma zaman tahiya ya wuce. Tana haɗa kayanta ta ce wannan riƙon a wajen marigayi ta koya.

Can Inna ta ce, "Ƴar nan, yaya hannun nasa yake?"

Mariyama ta dube ni, ta dubi ƙasa. Ta ce, "Taushi gare shi, Inna. Sai ya murza tafinsa ya yi ɗumi kafin ya taɓa mutum."

"Duk garin nan sun sani," in ji Inna, "ban da ni."

Sai ta kamo hannun yarinyar ta mayar da shi kan gwiwarta, hawaye na zuba ba ta share ba, ta ce, "Sake yi. Yi yadda yake yi."