An Buge Mai Tukunya, Ya Dawo

Duk wanda ya saba bi ta Fordham Road da safe ya san abin da Baba Isufu yake fara yi kafin ya jera ko hula ɗaya a teburinsa. Sai ya zura hannu a aljihun kwat ɗin nan tasa mai ruwan ƙasa, wadda nake kyautata zaton ta girme ni, ya zaro wani ɗan mutum-mutumin roba da bai wuce tafin hannu ba. Ya hura masa iska, ya goge shi da hankici, ya tsayar da shi a kan kwalin cajar waya yana fuskantar titi. Sa'an nan ya ce, "To, Mai Tukunya, mun dawo." Sai bayan wannan ake ciniki, ko da kuwa mai saye yana tsaye ruwa na dukansa. Dalilin ke nan da kuka sa masa Alhaji Tukunya, kuma kun san bai taɓa jin haushin sunan ba.

Ni a wajena ƙanen mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun da babana Garba ya rasu a Kumasi ina ɗan shekara biyu, shi ya kawo ni ƙasar nan, don haka na fi kowa shan labarin robar nan. Abu ne fa mummuna! Fentinsa ya goge, a kansa akwai hular ƙarfe mai kama da tukunya a kife, hannu ɗaya ya gutsure tun ban zo duniya ba. Baba ya maye gurbinsa da ƙarfen wata lema da ta karye, domin shi a wajensa ba a zubar da komai.

Malam Hamidu, mutumin Maraɗi da teburinsu ke jere, ba ya gajiya da tsokanarsa. "Alhaji guda da gunki a kan tebur! Subhanallahi!"

"Gunki roƙonsa ake yi," in ji Baba. "Wannan ni yake roƙo. Dube shi, ko hannu ba shi da shi sam, kraa."

Wata rana wani Bature mai tara irin waɗannan tsoffin kayan wasa ya zo wucewa, ya ci birki kamar ya ga ɗan'uwansa da ya ɓata. Ya ce tun yana yaro yake neman irinsa, a faɗi ko nawa ne. Baba ya ce ba na sayarwa ba ne. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, har Malam Hamidu ya fara taka wa Baba ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Ina! Ƙarshenta dai mutumin nan ya tafi babu Mai Tukunya, amma da lema biyu a hammata, a ranar da ko ɗigon gajimare babu a sama. Baba ya bi shi da kallo ya ce, "Bawan Allah ya zo da niyyar saye. Ai bai kamata ya koma hannu wofi ba."

Asalin abin a Zangon Kumasi ne. Lokacin suna yara, gida ɗaya ne mai talabijin a layinsu, kuma mai gidan ba ya son hayaniya. Duk Asabar in an sa katun, sai ya rufe tagar gilashi, yaran unguwa su taru a waje suna leƙe, suna ganin hoto ba sa jin ko uffan. To babana, da yake ya fi su baki, shi ya zama mai fassara. Yana tsaye a kan bulo yana faɗa musu abin da kowa ke cewa. A labarinsa, Mai Tukunya talaka ne wanda wasu samari biyar masu fararen kaya da haƙora a jere suka ƙwace wa gona. Duk Asabar yana zuwa karɓar haƙƙinsa, su taru su biyar a kan mutum ɗaya su lakaɗa masa duka. In yana gudu yana ɗaga musu dunƙulen hannu, sai babana ya ce, "Ya ce a gaida mutanen gida, sai Asabar mai zuwa!" Robar kuwa babana ne ya tsince ta a aljihun wata rigar gwanjo bayan sun girma, ya ba ƙanensa.

"An buge shi jiya, ya dawo yau," in ji Baba. Da wannan maganar ya yi mini jaje ranar da na faɗi jarrabawar tuƙin tasi, da ita ya yi wa kansa ranar da iska ta kwashe masa huluna ta watsa a titi.

Kwatsam sai ga hoton Mai Tukunya a jikin bas: an sake yin katun ɗin sabo fil. Ranar Baba ya bar teburinsa ya bi bas ɗin da sassarfa har tasha ta gaba don ya tabbatar. Biyan kuɗin kallo kuwa, Allah ya kiyaye! Gidana ya zo ranar Lahadi bayan la'asar, tun da mu muna biyan kuɗin tashar da ake nuna shi, har da ganyen shayinsa a aljihu, wanda ya riga ya jiƙa sau ɗaya da safe. Ya zauna kusa da 'yata Samira, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake ce mata Uwata. Shekararta goma sha biyu lokacin, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take mayarwa.

Ba a yi minti goma ba Baba ya miƙe tsaye. Sun yi wa Mai Tukunya jan ido da fiƙoƙi, ga shi yana ƙone gari yana ƙyaƙyata dariya.

"Ei! Ei! Wa ya yi wannan aiki? Sun ɓata wa bawan Allah suna sosai paa! Uwata, ɗauko wayarki. Ina ne ake kai ƙara?"

Samira ta buɗe inda masu kallo ke rubuta ra'ayi. Ashe ba shi kaɗai ba ne, tsofaffi irinsa cike da wurin, kowa na kukan an lalata masa ƙuruciya. Wani ya ce an canja muryar jarumi, wani ya ce shuɗin ɗamararsa bai kai na da ba. Baba ya yi tsaki. "Ana zancen mutuncin mutum, su suna zancen rini. Rubuta: Assalamu alaikum, masu kamfani."

Ta ce, Kaka, ba a fara rubutu haka a nan.

"Shi ya sa ba albarka a wurin. Rubuta!"

Ta rubuta duka, har da zancen gona. Kafin ya shanye shayinsa amsoshi sun fara shigowa. Na ga fuskar yarinyar ta canja, ta dube ni, ta kife wayar a cinya. Baba ya ce me suka ce? Ta ce wai za su duba.

"Madalla. A ba su mako biyu."

Washegari ya tarar Malam Hamidu ya saro sabbin robobin katun ɗin daga Canal Street, yara na ta rububi. Sai Baba ya ɗauki Mai Tukunya ya juya shi ya ba teburin Hamidu baya, ya zauna a haka har wata guda.

Abin da Samira ta gani a wayar shi ya hana mu sakat a gida: dariya ake ta yi wa Baba, wai wace gona? Ta je ta nemo tsohon katun ɗin, da muryarsa, muka zauna muka kalla. Jama'a, babu gona, babu haƙƙi! Tun asali Mai Tukunya shi ne mugun, so yake ya sace rana ya bar duniya a duhu. Gaisuwar nan ta mutanen gida kuwa, rantsuwa yake sai ya hallaka su. Na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Dattijon nan shekara hamsin yana tashi da safe da ƙarfin wannan labari, kuma shi da robar nan ne kaɗai abin da ya rage masa na wansa. Na ce wa Samira ko da wasa kada ta faɗa masa. Ta ce ai ƙarya ke nan. Na ce na ji, a rubuta a kaina.

Ta daure kusan shekara. Lokacin jikin Baba ya fara rauni, ya daina fita tebur in sanyi ya yi tsanani, yana yawan wuni a gidanmu. Wata Lahadi yana cikin sababinsa na yau da kullum, cewa masu kamfani har yanzu ba su ba da haƙuri ba, sai yarinyar nan ta fashe. Ta ce, Kaka, mun kalli na da ɗin da murya, mugu ne tun farko, ka yi haƙuri.

Ni dai na rasa inda zan sa idona. Sai muka ji Baba ya tuntsire da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Uwata! Shekara talatin ina sayar wa Turawa lema da yarensu, kin ɗauka ban sani ba? Shekarata ta biyu a ƙasar nan na ga kaset ɗinsa a Canal Street, na saya, na kalla da murya. Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba."

Na ce, "To Baba, duk wannan rigimar ta mece ce?"

"Bature ya zana, amma Garba ne ya ba da labari. Na da ɗin, in ka kashe murya, labarin Garba yana zama daram. Wannan sabon sun yi masa jan ido, ko kurma ya san mugu ne, ba su bar wa Garba wurin tsayawa ba. Su suna da rai suna gyara nasu. Shi wa zai tsaya wa nasa in ba ni ba?" Ya share ido da hankicin nan na goge roba. "Sa mana na da ɗin. Ki kashe muryar."

Ta sa, ta kashe. Baba ya gyara zama, ya ɗaga haɓa, ya shaƙe murya, ya fara: "Salamu alaikum, masu cin gonar marayu, na dawo!" Ya yi muryar samarin biyar ɗaya bayan ɗaya, ya yi ƙarar duka da bakinsa. Samira tana birgima a ƙasa don dariya. Ni kuwa ban iya dariyar ba. Ban san muryar babana ba, ban taɓa jin ta ba, sai ranar. Na ce, "Baba, haka yake yi?"

"Haka ɗin nan, ɗana. Sai dai shi har da feshin yawu."

Bayan rasuwar Baba da kwana bakwai, Malam Hamidu ya zo gaisuwa da kukansa, ya ce da ya sani da bai saro robobin nan ba. Mai Tukunya yanzu yana kan teburin karatun Samira, da hannunsa na ƙarfen lema. Ran nan da safe, bayan ta faɗi wata jarrabawar lissafi, na ji ta tana hura masa iska kafin ta fita makaranta, ta ce da Hausarta mai gargada, "To, mun dawo."

Allah ya jiƙan Baba Isufu, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa riƙon da ya yi mini. Allah ya haɗa shi da wansa Garba a gidan da ba a rufe wa yara taga. Amin.