Hannun Daman Bawa Ma'auni

Shekara talatin Bawa ya yi yana awon hatsi a kasuwar Matamaye, har mutane suka manta sunan ubansa, sai dai Bawa Ma'auni. Da gyara aka san shi: in ya cika tiya ya juye, sai ya ɗebo cikin tafin hannu ya ƙara. Ana ta yabon kirkinsa, shi kuwa Allah ya sani bai taɓa lura da lokacin da yake yi ba. Hannun ne ya saba, kamar jakin da ya san hanyar gida.

Farin da aka yi a shekarar tamanin da huɗu ya kashe kasuwa. Sojoji suka kawo jar dawar taimako, suka ɗauke shi ya riƙa auna wa jama'a a bakin mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsi, ladansa tiya guda kullum, kuma da ita bakuna tara ke ci a gidansa. Sharaɗi ɗaya sarjan ɗinsu ya gindaya masa: tiya a shafe, ba gyara, don dawar ba za ta kai ƙarshen layi ba.

Bawa ya ce to, har cikin zuciyarsa. Amma kafin azahar sau uku ana kama hannunsa cikin buhu. Ya rantse bai aike shi ba, shi ma sai dai ya ga dawa tana zuba. Sarjan, wanda gajiya ta hana shi ko yin tsawa, ya ce, "Baba, in hannun ba naka ba ne, gobe ka baro shi gida. In ya sake, ku tafi tare."

Washegari ya sa matarsa Baiwa ta ɗaure masa hannun a ƙugu da tsumma, ya koma awo da hagu. Kunya kamar ya nutse, amma ba wanda ya tanka, yunwa ta hana.

Rana ta shida wata tsohuwa daga Tsauni ta iso gabansa, ta buɗe bakin zane, ko gaisuwa ba ta iya ba. Bawa ya dube ta, ransa ya ɓaci. A shekara talatin, wannan ne karo na farko da shi da kansa ya yi niyyar gyara. Ya ji hannun yana ja a ƙugunsa, ya tuna mutum tara, ya danne shi da gwiwar hannu.

Ya juye mata tiya a shafe, ya ce na baya ya matso.