Sallamar Rakiya ta kashe dariya

Jama'a, ku ji abin da ɗiyata Rakiya ta yi yau a garin Waca!

Bikin rufe lakwal ake, wato makaranta. Wani ɗan barkwanci ya sa hijabi yana kwaikwayon i'inarta. Fili ya kwashe da dariya! Na miƙe zan ci mutuncinsa, ta riƙe mini zane: "Inna, z-zauna."

Sai ga ta a gaba, ta karɓe lasifika. Ta fara sallama, harshe ya sarƙe. Wa ya isa ya yi wa sallama dariya? Tsit! Aka jira ta kai ƙarshe, kowa ya amsa, har shi.

Ta dube shi: "K-kai i'inarka ta aro ce. Ni da tawa na zo ta ɗaya a aji."

Wallahi da hijabin ya gudu!