Aka Ce Targaɗe Ne

Assalamu alaikum. Wata goma sha huɗu rabona da rubuta komai a shafin nan. Masu turo saƙo kuna cewa, "Lamba Bakwai, ka mutu ne?" ku yi haƙuri. Ina nan da raina. Kunyar labarin ce ta rufe mini baki.

Duk wanda ya san ni a Daudawa ya san ba ni da zance sai na ƙwallo. A lokacin ina ajin ƙarshe na sakandare a Faskari, ni ke buga gefen dama da lamba bakwai, kuma burina ɗaya ne: in shiga jami'a in buga wa ƙungiyarta. Malam Bashir, malaminmu na wasanni, ya ce kocin wata jami'a zai zo kallon wasanmu da 'yan Ƙanƙara, har ya ba shi sunana.

Saura kwana tara wasan, wani ya taka mini ƙwauri a wajen atisaye. Na ji ƙas. Na tashi na ci gaba da gudu. Kafin magariba ƙafa ta kumbura.

A wajenmu ciwon ƙafa iri biyu ne. In ka kasa tashi, karaya. In kana iya takawa, targaɗe. Ni kuwa ina takawa. Kowa ya leƙo ya ce targaɗe ne, har waɗanda ko ƙafar akuya ba su taɓa gyarawa ba. Ni ma abin da nake son ji ke nan.

Baba ya kai ni wajen wani dattijo mai ɗori a Ruwan Godiya. Kada kowa ya zage shi, don ya tambaye ni: "Ɗana, ka ji ƙashin ya yi ƙara?" Na ce a'a. Na san in na ce e, zai ɗaure ni da karare na kwana arba'in, wasa ya wuce ni. Ya ja ƙafar, ya shafa man shanu, ya ce, "To, wanga ba komi ba ne."

Ranar wasa na biya kemis aka yi mini allurar kashe zafi. Minti ashirin na buga, kuma wallahi na buga. Ni na ba da ƙwallon da muka fara ci. Sai na juya zan yanke wani, ƙafar ta lanƙwashe a inda babu gaɓa.

A asibiti a Funtua aka ɗauki hoto. Likita ya ɗaga shi ya ce, "Ai wannan ƙashin ya kwana biyu da tsagewa. Wa ya bar ka ka yi gudu a kansa?" Baba ya kalle ni, na kalli ƙasa. Likitan ya ce da na zauna sati shida a filasta, da an wuce wurin.

Wannan maganar ta fi karayar yi mini ciwo.

Aka tura mu Katsina, aka yi tiyata, aka sa ƙarfe. Baba ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ana gab da faɗuwar damina. Bayan sati biyu zazzaɓi ya rufe ni, ciwon ya fara ruwa yana wari. Aka ɗebi jini, aka ɗebi mugunyar, aka ce cuta ta shiga ƙashi. Tiyata ta biyu.

Wata uku na yi a gado. Kullum da safe wankin ciwo. Ina jin ƙarar keken ma'aikatan jinya tun daga baranda, sai Inna ta riƙe mini kai. Wata rana na ji likitoci biyu suna maganar yankewa da Turanci, suna zaton ban gane ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Inna ta ce, "Kai dai ka tashi da ƙafarka, ko ba ka ƙara taɓa ƙwallo ba." Na yi kwana biyu ba na yi mata magana. Allah ya yafe mini.

Jarrabawar fita ta wuce ni ina kwance.

Baba sau ɗaya ya yi maganar. Ya ce, "Mi ya sa ba ka faɗa mani ba?" Na ce, "Da ka hana ni bugawa, Baba." Ya ce, "Da na hana ka." Ya tashi ya fita. A daminar nan da hannu ya yi huɗa, shi da bayansa mai ciwo.

Allah ya tsare ƙafar. Daga sanduna biyu na koma ɗaya, ina zuwa gashin ƙashi, yanzu ina tafiya da kaina da 'yar ɗingisa. Na tambayi likita batun ƙwallo. Ya ce, "Tafiya, e. Noma, a hankali. Gasa kuwa, ka cire ranka." Na yi kuka a gabansa kamar ƙaramin yaro.

Alhamdulillahi. Na gode wa Inna da Baba, da ma'aikatan da suka jure ihuna, da 'yan ƙungiyarmu da suka ba ni jini.

'Yan'uwana masu buga ƙwallo, iya takawa ba lafiya ba ce. In ƙafa ta kumbura, a ɗauki hoto kafin a ja ta. Kada ka yi allura don ka shiga fili. Kuma in an tambaye ka abin da ka ji, faɗi gaskiya.

Makon jiya Malam Bashir ya zo gaishe ni. Ya ce akwai abin da ya daɗe ya kasa faɗa mini. Ashe tun kafin a take wasan kocin ya gaya masa bidiyon wasana da aka tura masa ya wadatar, ya riga ya sa sunana cikin waɗanda zai ɗauka. "Ba wasanka ya zo gani ba," in ji Malam. "Zuwa ya yi ya nemi izinin Babanka."

Na yi rajistar jarrabawar bana, kuma jami'ar nan zan nema, in sha Allahu. Ban dai san ta wace hanya zan riƙa bi ba, don kada in wuce ta bakin filin ƙwallonta.